Zama a Tsofaffin Gidajen Isale Eko, Legas: Abin da Jama'a Suka Faɗa

1. Kowa ya yarda cewa gidan da hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas (LASBCA) ta yi wa alamar rusau, ko bangonsa ya tsage, kada a kama haya a cikinsa komai arharsa. An tuna benen Ita Faji da ya rufta da ɗalibai a 2019.
2. Maganar gobara ta fi cin lokaci a tattaunawar: janareta a kan matakala, jarkar fetur a ƙarƙashin gado, ga lungunan kasuwar Balogun da motar kwana-kwana ba ta iya shiga. A haddace lambar kiran gaggawa 112.
3. An rabu kan rusau. Wasu sun ce a rushe kawai, 'yan dako da masu gadi suka ce to su kwana ina? Ni dai ina bayan 'yan dako da masu gadin, a fara sama musu matsuguni.