Kawar Kogin Shari da kawar lu'ulu'u, dangi ne?

Mai tambaya, Kusuri: Assalamu alaikum. Da rani, idan ruwan Shari ya janye, mukan tarar da kawa manne da juna a gindin kogi, bayan ɓawonta da kaushi, cikinsa kuwa sumul yana sheƙi. Ɗiyata ta tsinto guda, ta tambaye ni ko ita ce ke yin lu'ulu'un sarƙar wuya. Ina roƙon masana su warware mana.

Malamar kimiyya, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kama da wane ba ta wane ba ce. Kawar da kuka gani masana suna kiranta Etheria elliptica, ana samunta a Shari da Neja da Nilu, kuma danginta na kusa su ne ƙumbar ruwan daɗi da ke nutsewa cikin laka. Kawar lu'ulu'u kuwa, wato Pinctada, 'yar teku ce mai son ruwan ɗumi, kuma da wasu zaruruwa masu ƙarfi take ɗaure kanta a jikin dutse, alhali tamu ɓawon nata ne kansa ke mannewa. Halittu masu ɓawo biyu sun bayyana fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, kuma tun da daɗewa waɗannan zuriyoyi biyu suka raba hanya. Zaman wuri ɗaya a manne shi ya sa kamanninsu suka zo kusa. Sheƙin da yarinyar ta gani dai na gaske ne, domin da irin wannan sinadari ake gina lu'ulu'u, shafi bisa shafi, idan wani abu ya kutsa cikin naman dabbar.

Ɗan masunta, Njamena: Malama ta yi bayani. Abin da ya fi damuna shi ne, 'ya'yan ƙumbar ruwan daɗi sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci kafin su girma, don haka duk inda aka ƙarar da kifi da ƙananan raga, su ma an yanke musu zuriya. 'Ya'yan Pinctada ba su buƙatar kifi, iyo suke yi a teku har su sami mazauni.

Ɗalibi, Garwa: Malama, a ba ni dama in ƙara. Pinctada kanta iri-iri ce. Babbarsu, Pinctada maxima, tana arewacin Ostireliya da Indonesiya, margaritifera kuma ita ke ba da baƙin lu'ulu'un Tahiti. Akwai radiata, wadda mutanen Bahrain suka daɗe suna nutso dominta, kuma bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 ta ratsa ta cikinsa ta zauna a Bahar Rum.