Killacewa, keɓewa ko karantina: wacce za mu tsayar?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan annobar ɗa'un da ta ci Turai tsakanin 1347 da 1351, sai wata kalma ta tsaya mini a wuya, wato abin da Turawan Ingila ke kira kwarantin. A 2020 gidajen rediyo sun yi ta cewa "killacewa", wani lokacin "keɓewa", kuma kowa ya gane. Amma da na zauna rubuta tarihin abin, sai na tarar kalmomin nan biyu suna haɗa mini abubuwan da masu ƙirƙiro tsarin suka raba tun fiye da shekara ɗari biyar. Ina neman taimakonku.

Ga inda aka faro. A 1377 majalisar birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ta yi doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba ba zai shiga gari ba sai ya yi wata guda a wani ɗan tsibiri ko a wani gari da ke kusa. Ku lura, ba majinyata ake nufi ba. Fatake ne da matuƙan jiragen ruwa, garau suke, suna ci suna sha, laifinsu kawai inda suka fito. Daga baya biranen Italiya suka mayar da wa'adin kwana arba'in, wanda a harshensu ake ce wa quaranta, kuma daga nan sunan ya samo asali. Ashe kalmar ba ta ɗauke da ma'anar shinge ko ɗaki ko kwaɗo. Ƙidayar kwanaki ce tsagwaronta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na birnin Venis. A 1423 suka ware tsibiri guda don waɗanda cutar ta riga ta kama. A 1468 suka ware na biyu, daban, don waɗanda ake zato kawai, tare da hajojin da suka zo da su. Tsibiri biyu, domin sun gane cewa in ka haɗa mai ciwo da wanda ake zaton zai yi ciwo a ɗaki ɗaya, kai ka sa masa ciwon da hannunka. To yaya zan gaya wa yara wannan da kalma ɗaya tilo? In na rubuta "an killace su a nan, an killace su a can", duk hikimar ta zube.

Na gode da amsoshin da suka shigo. Zan bi su kamar yadda suka zo.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce su a wurin aiki "keɓe" suke faɗa ga wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cuta, kuma iyalan majinyata ba sa ƙyamar kalmar. Anti, na karɓi wannan hannu bibbiyu. Keɓewa ta dace da tsibirin farko: a fitar da mutum daga cikin jama'a, a ba shi wurinsa, a kula da shi. Ba ta da wa'adi sai warkewa. Wannan ɓangaren ya zauna. Haka ma "kulle", da muka saba da ita tun dokar kulle, a bar ta ga rufe gari ko unguwa baki ɗaya.

Wani malami ya tuna mana cewa Musulmi sun san wannan tun kafin Ragusa. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara, ya yanke komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da ake annoba, ya kuma hana wanda ke ciki fita. Wannan annoba, da ake kira annobar Amwas, ita ce ta yi ajalin Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal. Sai dai, Malam, wannan hukunci ne a kan ƙasa gaba ɗayanta, ba a ƙidaya wa matafiyi kwanaki a cikinsa ba, don haka ya fi kusa da kulle.

Shawararka ta biyu kuwa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Ka ce a duba "idda", tun da asalinta ƙidaya ne, kuma zama ne na wa'adi don a tabbatar da abin da jiki ya ɓoye. Wallahi ma'anar ta zo daidai, har tsigar jikina ta tashi. Amma ba zan iya ba. Kalma ce ta shari'a mai hukunce-hukuncenta, kuma ranar da aka ce an sa fasinjojin jirgi idda, an taɓa wani abu da bai kamata a taɓa ba. "Zaman arba'in" ma da wani ya kawo yana da irin wannan matsalar: Bahaushe zai tafi ga mai jego ko sadakar mamaci. Ga shi kuma adadin ya daina aiki tuntuni, kwana 21 ake yi wa Ebola, 14 aka yi wa korona.

Akwai wanda ya ce "waƙafin lafiya". Ɗan'uwa, ka yi tunani mai kyau, domin ɗan waƙafi shi ne wanda ake tsare da shi bisa zato kafin hukunci. Tsorona shi ne ƙamshin gidan yari da ke jikinta. Uwar da aka ce za a kai ɗanta waƙafi za ta ɓoye shi ne a ƙuryar ɗaki, kuma abin da ake gudu ke nan.

Amsar da ta warware mini ƙullin daga wani dattijo ta zo, jikansa ya rubuto masa. Ya ce: ku 'yan boko kuna ta wahala, mu ai "karantina" muka sani. Ya ce kakansa da ya tafi Makka a ƙasa ya yi zaman karantina a Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, kafin a bar shi ya hau jirgin ruwa, kuma duk wanda ya zauna a Jidda ya san unguwar Karantina, inda 'yan Afirka da dama suke, Hausawa a ciki.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka buɗe mini babin da na tsallake. Turkawa sun ari kalmar daga Italiyawa, kuma a 1838, zamanin Sarki Mahmud na Biyu, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kafa majalisar da ke kula da wannan aiki. A 1851 ƙasashe goma sha biyu suka zauna a Faris kan batun, inda Ingila ta fi kowa ƙorafi, saboda kowace rana da jirgi ya yi a tsaye asara ce ga cinikinta. Sai 1865 kwalara ta faɗa wa mahajjata a Makka, ta kashe dubbai, ta bi masu komawa zuwa Masar, ta tsallaka Turai. Daga nan idon Turawa ya koma kan aikin hajji, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869. Aka kafa tasha a tsibirin Kamaran na Bahar Maliya don masu zuwa daga Indiya da tsibirin Jawa na Indunusiya, wata kuma a Ɗur, gaɓar Sinai, don masu komawa arewa. A can ake sauke alhazai, a turara kayansu, a ƙidaya musu kwanaki.

Nan zuciyata ta rabu biyu, ba zan ɓoye ba. Cutar gaskiya ce, kuma a tashar Ɗur ɗin nan aka gano wani nau'in ƙwayar kwalara a 1905, wanda har yau yake ɗauke da sunan wurin, shi ne kuma ya iso Afirka ta Yamma a 1970. Amma talakan alhaji ne ya fi shan zaman rana a waɗannan tashoshi, alhali manyan dauloli suna ta neman yadda jiragen cinikinsu za su wuce ba tare da jinkiri ba. Wannan ɗacin yana cikin kalmar karantina, kuma ina so ɗalibaina su ji shi. "Killacewa" ba ta ɗauke da shi, domin da ita muke killace fili da tumaki.

Wata ƙanwata ta ce ai karantina ma baƙuwa ce. Haka ne, ƙanwata, amma baƙuwar da kakanninmu suka ɗauko da ƙafafunsu daga hanyar Makka, kamar yadda suka ɗauko wasu da dama, kuma ta kwanta a harshenmu ba tare da an tanƙwara ta ba. Faɗe ta ki ji. Damuwarki cewa za a rikita ta da "karanta" ba ta tsorata ni ba, jimla za ta raba su.

Ga abin da zan rubuta. Sunan tsarin karantina, mace ce: karantina ta ƙare, an ɗage karantina. Abin da mutum ke yi zaman karantina, wurin kuma gidan karantina. Aikatau ɗin ya ci gaba da zama "killace", tun da bakin jama'a ya saba da shi: an killace su zaman karantina na kwana goma. Jimlar da ta hana ni barci yanzu ta zama haka: "A 1423 mutanen Venis suka ware tsibiri don keɓe majinyata, a 1468 kuma suka gina gidan karantina a wani tsibirin don matafiyan da ake zato."

Baba, in da hali a tambaya mana tsofaffin da suka bi hanyar Sudan yadda suke furta ta, da "ka" ko da "ƙa", kafin in kai takardun wurin bugawa ranar Litinin.