“Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe”: ya hau kan yaƙin Yukiren?

Bakatsine: Jama'a, ku taya ni auna wannan karin magana. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a Disambar 1979, ta fita a Fabrairun 1989 bayan ta rasa sojoji kusan 15,000. Amurka ta shiga a 2001, ta fice a Agustan 2021, Taliban kuma suka koma Kabul. Yanzu ga Rasha a Yukiren tun 24 ga Fabrairun 2022. Ni a ganina abin da ya ci Doma ne ya nufi Awe.

Malam na Lafiya: Ɗan'uwa, ka ɗan kauce. Doma da Awe garuruwa ne a nan jihar Nasarawa, kuma ana faɗin maganar ne ga waɗanda halinsu ɗaya, masifar da ta sami wannan tana hanyar wancan. Tsakanin Sobiyet da Amurka ta zauna daram. Amma ina kamar Afganistan da Yukiren? Can mujahidai ne a cikin duwatsu, su kai hari su ɓace. Nan ƙasa ce mai gwamnati da rundunarta, ana fafatawa daga ramuka da manyan bindigogi da jirage marasa matuƙa. Ga shi kuma iyakarsu ɗaya da Rasha, kayan yaƙi na isowa ta jirgin ƙasa.

Uwar Biyu: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda duka ba. Ba filin daga ne Doma da Awe ba, halin mai shiga ne: ya raina masu gida, ya ɗauka aikin 'yan kwanaki ne. Dakarun Rasha sun nufi Kiyef, babban birnin Yukiren, daga Belarus, zuwa farkon Afrilun 2022 sun janye daga yankin. Kuma makamin Stinger mai kakkaɓo jiragen sama da Amurka ta ba mujahidai ta Pakistan daga 1986, shi ɗin ta sake aika wa Yukiren.

Bakatsine: Yauwa Hajiya, abin da nake nufi ke nan.

Malam na Lafiya: Na karɓi zancen raini. Sai dai mai faɗin wannan karin magana yana yanke hukunci ne cewa ƙarshen zai zama ɗaya, alhali Rasha na riƙe da yankin Kirimiya na Yukiren tun 2014, kuma ba ta nuna alamar tattara kaya ba. Da “gani ga wane ya isa wane tsoron Allah” kuka kawo, da ban yi musu ba, don ita gargaɗi take yi.

Uwar Biyu: To ai gargaɗin ne ba a ji ba, Malam. Iyayen yaran da aka binne a ɓangarorin biyu nake tausaya wa.