Firinta ɗaya, kwamfutoci da yawa: kowa ya faɗi yadda ya yi da tasa

Mai shagon fotokwafi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da HP LaserJet 1020 guda ɗaya da kwamfutoci huɗu. Firintar na jone da kwamfutar teburina ta kebul ɗin USB, sauran suna turo aiki ta wajenta. Da zarar na kashe tawa ko ta yi barci, kowa ya tsaya cak, har yaran shago sun koma yawo da filashi. Wanda ya taɓa fama da wannan ya ba mu labari.

Malamin kwamfuta, Zariya:
Wa'alaikumus salam. Mu a ɗakin kwamfutar makaranta haka muka zauna lafiya lau sai da 2021 ta zo. A shekarar aka bankaɗo ɓarakar tsaron da ake kira PrintNightmare a sashen Windows mai jera aikin bugawa. Microsoft ta fitar da gyara, daga nan wanda ba shi da ikon admin ya daina iya ɗauko direban firinta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar, daga wata kwamfutar. Bayan sabuntawar watan Satumba kuma sai lambar kuskure 0x0000011b ta riƙa fito mana. Wasu sun ce a shiga rajistirin Windows, inda take ajiye saitunanta na ciki, a kashe kariyar. Yana aiki, amma sake buɗe ƙofar da aka rufe saboda ɓarawo ne, ban yarda a yi wa na'urorin ɗalibai haka ba. Sabunta su duka muka yi, muka sa wa kowace direbanta da hannu. Ka kuma duba ko Windows ta ɗauki layinku a matsayin Public. In haka ne, sauran ba za su ga firintar ba sai ka mayar Private.

Sakatariya a wani ofishi, Kaduna:
Mu sai da oga ya gaji ya sayo firinta mai ramin kebul ɗin Ethernet, aka jona ta kai tsaye da rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis a layi ɗaya. Mun ɗauka an rabu da Bukar, ashe an haifi Habu. Duk ranar da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai kwamfutoci su ce firinta ba ta kan layi, alhali ga ta nan fitilarta a kunne.

Mai gyaran kwamfuta, Jos:
Hajiya, naku adireshi ne kawai. Rauta ce ke raba adireshin IP, wato lambar da ake samun kowace na'ura da ita a layi, in ta mutu ta tashi tana iya bai wa firinta wani daban, su kuwa kwamfutoci suna can suna nemanta a tsohon. Ki sa firintar ta bugo takardar bayanan saitinta, lambar MAC, wato lambar shaidar firintar a layi, na jiki. A shiga rauta a ɗaure wannan lambar da adireshi guda, misali 192.168.1.50, sannan a kowace kwamfuta a ƙara firintar da adireshin. Yawancin firintocin ta tashar 9100 suke karɓar aiki, wato lambar ƙofar da aikin ke shiga. Tunda na fara yi wa mutane haka, kiran safiyar Litinin ya ragu mini sosai.

Kai kuwa Alhaji, 1020 ba ta da ramin kebul ɗin layi kuma ba ta da Wi-Fi. Abin da na yi wa wani shago shi ne na jona ta da 'yar ƙaramar kwamfutar da ake kira Raspberry Pi, na sa mata CUPS, manhajar da Linux da Mac ke bugawa da ita. Ana saita ta daga burauza ta tashar 631, ba ta shan wuta sosai, ana barinta a kunne. Sai dai 1020 na da hali: duk sanda aka kunna ta sai an tura mata manhajar cikinta kafin ta buga ko layi ɗaya, don haka a tabbata an saita Pi ɗin yana yin hakan da kansa. Ina ganin raba firinta ta kwamfutar wani shi ne hanya mafi wahala a cikin duka.

Ɗalibi, Maraɗi:
Ni ta waya nake bugawa. iPhone na da AirPrint, hanyar bugawa ta Wi-Fi, tun 2010, Android ma na gano firinta da kansa ba sai da direba ba. Amma na yi ta nema a wani shago wayata ba ta ganin komai, ashe Wi-Fi ɗin baƙi aka ba ni, shi kuwa ba ya barin na'urori su ga juna. Ana sauya mini zuwa babban layin ta bayyana.

Mai shagon fotokwafi, Kano:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, akwai wata tsohuwar laftof da ke ajiye a shago, batirinta na riƙe caji. Za ta iya tsayawa a madadin Pi ɗin?

Mai gyaran kwamfuta, Jos:
Ƙwarai kuwa. Sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, ka hana ta barci in an rufe murfi, ka ɗaure mata adireshi a rauta.