Tsohon kan jirgina na Lima da na zamani: me ya canja haka?

Baban Amira:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Leeds, kuma ina da ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar kamfanin Lima, kwaikwayon jirgin dizal na Birtaniya mai suna Class 47, ma'aunin girma na OO, wanda na saya gwanjo don ni da yara. Makon jiya abokin aikina ya kawo nasa sabo na kamfanin Bachmann, shi ma Class 47, muka ɗora su dogo ɗaya. Wallahi kamar ba jirgi ɗaya aka kwaikwaya ba. Nasa da nauyi a hannu, fitilun gaba farare, na baya ja, in ka leƙa taga har kujerar direba kana gani. Ga shi yana tafiya a hankali ba ya tsayawa. Yaushe abin ya koma haka? Kuma ya cancanci kuɗin da suke sa masa?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Buɗe cikin naka ka gani. Injin ɗan faifai ne zaune kan ƙafafun gefe ɗaya, da zoben roba a taya don kada ta zame. Haka ake yi a shekarun 1970 da 1980. Kamfanin Hornby na Ingila ma a jiragensu na kwaikwayon masu kwal, sau da yawa injin yana cikin taragon kwal ne, shi ke tura kan jirgin daga baya. Na yanzu injin yana tsakiya, a gangar jiki ta ƙarfe, yana juya ƙafafun gaba da na baya, kuma an sa masa dunƙulen tagulla mai juyawa wanda ke riƙe gudun in wuta ta ɗan yanke. Sirrin tafiyar nan ke nan, kuma ni ita ta fi burge ni kan duk wani ado.

Adon kuwa ya biyo bayan komawar ƙira ƙasar Sin. Hornby sun gama kwashe aikinsu daga garin Margate na Ingila a 1999, a 2000 suka fitar da kan jirgi mai kwal samfurin Merchant Navy. Da can marikin hannu da bututu duk a jikin robar ake zubo su. Daga nan aka koma lanƙwasa waya siririya ana dasa kowanne da hannu. Wannan aikin hannun kake biya.

Ɗan Tasha:
Baba Makaniki ya gama magana kan inji, bari in ƙara da wuta. Hornby sun gwada tsarin sarrafa jirage na dijital mai suna Zero 1 tun 1979, amma wani tsarin irinsa, DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, shi ya zauna. Kowane kan jirgi da dikodarsa, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni, sai ka tuƙa uku a dogo ɗaya, kowa da gudunsa. Yanzu yawanci suna zuwa da soket ɗin dikoda mai fil 8 ko 21, wasu har da sifika. Ka danna, ka ji inji ya yi tari ya tashi kafin taya ta motsa. Tun 2023 akwai dikodar Hornby ta HM7000 da ake sarrafawa da waya ta Bluetooth. Naka ma yana karɓar dikoda, sai dai a haɗa wayoyin da dalma.

Maman Sadik:
Malam, tunda ka ce da yara, ka yi tunani. Na zamani ko daga kwali ba a fito da shi da gaggawa. Akwai 'yar jakar ƙananan bututu da ake maƙalawa da matsefata, ɗan shekara biyar ya damƙe shi sau ɗaya an gama. Hornby sun sayi Lima a 2004, kuma wasu tsofaffin sifofin Lima suna fitowa a jerin jiragensu mai suna Railroad da ingantaccen inji, farashi da sauƙi. Shi na saya wa nawa. Kuma in za ka ƙara dogo, ka tsaya kan mai tudun nan, Code 100, don bakin tayar Lima yana da zurfi, yana bugun ƙasan Code 75 wanda bai kai shi tudu ba.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lima zai zauna hannun yara. Baba, cikin masu injin tsakiya, wanne zan nema a gwanjo wanda ya riga ya zo da soket?