Zan iya rikodin ɗin kiranmu ba tare da ya sani ba?

Ɗan Bronx:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Akwai wani da na ba rancen kuɗi, shi yana California ni ina New York, ba mu rubuta komai ba saboda yarda, yanzu in na kira sai ya ce eh yana sane zai biya amma in na tura mesej sai ya yi gum. So nake in naɗi muryarsa in riƙe shaida, doka ta yarda ko zan jawo wa kaina?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. A New York ba matsala, muddin kana cikin maganar yardarka kaɗai ta isa, dokar tarayya ta 1968 ma haka ta ce. Texas ma haka ne.

Maman Ikram:
Malam Abu Hanan ka manta mutumin a California yake fa. Can sai kowa ya yarda in dai maganar sirri ce, sashe na 632 na dokar laifukansu, tarar na iya kai dala 2,500 ko ɗauri, kuma shi da kake bi bashi zai iya juyowa ya kai ka ƙara ya nemi dala 5,000, ga shi kotu ba za ta karɓi rikodin ɗin ba ma. A 2006 kotun ƙolin California ta yanke hukunci kan wani kamfani da ke naɗar kira daga Georgia, ta ce dokarta ce ke aiki tunda mutanenta aka naɗa, to zamanka a Bronx ba zai kare ka ba ɗan'uwa. Maryland, Florida da Pennsylvania duk sai an nemi izinin kowa, a Maryland ɗin ne ma aka gurfanar da wata mata Linda Tripp a 1999 kan naɗar hirarta ta waya da ƙawarta Monica Lewinsky a ɓoye, daga baya aka janye ƙarar.

Alhaji Tsoho:
Yaro bar ɓoye-ɓoyen nan. Da ka kira ka ce masa ina rikodin, ka yarda? In ya ce eh shi kenan yardarsa ta shiga cikin rikodin ɗin. In ya ƙi, tura masa saƙo a WhatsApp da adadin kuɗin da ranar da ka ba shi, in ya amsa ko da saƙon murya ne shi ya turo da kansa. Ka haɗa da rasit ɗin banki ka je wajen lauya kafin ka shigar da ƙara.

Ɗan Bronx:
Na gode Baba, ta manhajar tura kuɗi ta Zelle na tura masa kuma rasit ɗin na nan, yau zan rubuta masa insha Allah.