Na ƙara katin hoto da RAM, yanzu monita ta ƙi nuna komai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago a Agege inda nake tsara katin aure da fosta, kuma da kwamfutar tebur guda ɗaya nake duk aikin. Da yake ta fara nauyi, ranar Asabar na je Computer Village a Ikeja na sayo katin hoto (na'urar da ke aika hoto zuwa monita) GTX 1060 na hannu da ƙarin RAM (ma'adanar aiki ta kwamfuta) na 8GB, DDR4 irin wanda ke ciki. Na haɗa da kaina, na kunna, fankoki suna juyawa, fitilar gaba tana ci, amma monita baƙi ƙirin, sai rubutun da ke cewa babu sigina. Monitar tsohuwa ce mai shuɗiyar waya ta VGA, don haka na yi amfani da ɗan mahaɗin DVI da aka ba ni a shagon. Na mayar da wayar tsohon gurbinta na madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, nan ma shiru. Aikin mutane yana hannuna, hankalina a tashe yake. Don Allah me zan yi?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da RAM, domin shi ne yawanci ke jawo haka idan bai zauna daidai ba. Ka zare wayar wuta daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Sannan ka cire sabon, ka gwada da tsohon shi kaɗai, kana danna shi har maƙallan gefe su kama. Idan ya ƙi, ka cire ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na kamar minti 5 ka mayar.

Amsa daga mai gyara a Ikeja

Shawarar ɗan'uwanmu tana da kyau, sai dai ni mahaɗin nan nake zargi, kuma na sha ganin irin wannan a teburina. VGA tsohon tsarin sigina ne na analog, shi kuwa GTX 1060, wanda ya fito a 2016, ba ya fitar da analog ko kaɗan, domin gurbin DVI ɗinsa nau'in DVI-D ne. Ƙaramin mahaɗin da babu komai a cikinsa sai waya ba zai iya sauya siginar ba, ko da kuwa ya shiga gurbin. Abin da kake buƙata shi ne mai sauyawa daga HDMI zuwa VGA, wanda ke da ɗan cif a ciki. Shirun da ka gani a gurbin madabod kuma kada ya tsorata ka, saboda kwamfutoci da yawa suna kashe wannan gurbin da zarar sun ga an saka katin hoto. Ka cire katin gaba ɗaya ka gwada, sannan ka mayar da shi ka jona da talabijin mai HDMI. Ka kuma tabbatar ka soka masa wayar wuta mai rami 6 da ke fitowa daga fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri. Na cire katin, hoto ya dawo nan take, RAM ɗin biyu ma sun nuna 16GB. Na mayar da shi na jona da talabijin ɗin maƙwabcina, ya kawo tas. Sai dai na duba jikin fawa fak ɗina na ga an rubuta wat 300. Yallaɓai, zai iya ɗauka?

Mai gyara

Amin, Malam. Ban ba ka shawarar ka dogara da shi ba. Katin shi kaɗai yana jan kusan wat 120, kuma kamfanin Nvidia da ya ƙirƙiro shi fawa fak mai wat 400 ya ce a tanada masa. Yanzu zai kunna lafiya, amma idan aiki ya yi nauyi kwamfutar na iya mutuwa kana tsakiyar tsara fosta. Idan ka shigo sayen mai sauyawar, ka haɗa da fawa fak mai kyau na wat 450 ko 500, kuma ka sa a gwada maka shi a gabanka kafin ka biya.